Mata da Shugabancin Kiwon Lafiya: Amsoshin Tambayoyin da Ake Yawan Yi a Damagaram

Tambayoyin nan su ne ke ta dawowa a wuraren horo, a tarukan kwamitocin lafiya, da bakin ɗalibai mata na makarantun kiwon lafiya a jihar Damagaram. Ma'aikatan lafiya da masu bin harkar ne suka tattara su suka amsa. An fara da masu sauƙi, aka gangara zuwa masu son bayani dalla-dalla.

Idan an ce adalci tsakanin mata da maza a harkar lafiya, me ake nufi takamaimai?

Ana nufin mace da namiji masu takarda ɗaya da aiki ɗaya su samu albashi ɗaya da damar ƙarin girma ɗaya. Ana nufin a kawar da cikas ɗin da ke kan mace ita kaɗai, kamar rasa gurbin karatu don ta haihu. Sannan mata su kasance a inda ake yanke shawara kan kuɗi, magani da ma'aikata, tun daga kwamitin cibiyar lafiya ta ƙauye, wato CSI, har babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, da ake yi a Janeba kowane watan Mayu.

Rabo daidai ido rufe bai isa ba. A kira horo na sati biyu a Yamai, a ba kowa kuɗin mota da masauki iri ɗaya, amma a hana mai goyo zuwa da mai reno: a takarda an yi daidai, a zahiri an soke sunan duk mai shayarwa daga jerin.

Ai asibitocinmu cike suke da mata. Ina matsalar take?

Matsalar tana sama. Rahoton da OMS ta fitar a 2019 ya nuna mata ne kusan kashi 70 cikin 100 na ma'aikatan lafiya da kula da jama'a a duniya, amma kashi 25 kawai na manyan muƙamai ke hannunsu. Wajen kashi 90 na ma'aikatan jinya mata ne. A 2022 OMS da hukumar ƙwadago ta duniya suka auna albashi, suka tarar mata a wannan fanni suna samun ƙasa da maza da kusan kashi 24, ko bayan an yi la'akari da shekaru, ilimi da lokacin aiki. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2015 cewa hidimar lafiya da mata ke yi ta kai dalar Amurka tiriliyan 3 a shekara, kusan rabinta kuma ba a biyan ko sisi.

A ƙasarmu hoton ya ɗan bambanta, don a CSI na karkara sau da yawa majo, wato shugaban cibiya, namiji ne, mata kuwa sun fi taruwa a ɗakin awo, ɗakin haihuwa da cibiyoyin cikin gari. Mai son ya gane da idonsa ya leƙa ɗakin haihuwa da ƙarfe biyu na dare, ya sake leƙa ɗakin da ake raba kasafin shekara da ƙarfe goma na safe, ya ƙirga kallabi a kowanne.

Me zai canja wa maras lafiya idan mace ce ke shugabanci?

Kujera ba ta mai da mutum nagari. Akwai shugabanni mata masu sakaci da zafin baki kamar yadda ake da maza. Abin da ke canjawa shi ne irin labarin da ke isa teburin shawara. Mai naƙuda galibi jinkiri uku ke kashe ta: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an iso. Na ukun nan ungozoma ta fi kowa saninsa. Ita ta san allurar oksitosin, wadda ake yi wa mace da zarar ta haihu don mahaifa ta tsuke, tana son sanyin firiji tsakanin digiri 2 da 8, kuma idan ta daɗe a aljihun tebur cikin zafin bazara ƙarfinta raguwa yake yi, a yi allura jini ya ƙi tsayawa. Ita ta san daren da aka karɓi haihuwa da fitilar waya a baki, ta san matan da suka daina zuwa awo don ɗakin babu labule, ta san ranar da maganin jijjiga, sulfat na maganeziyom, ya ƙare. Idan ba ta cikin masu tsara kasafi, kuɗin kan tafi fentin katanga da kujerun ofis, batirin solar firiji ya jira baɗi.

Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2020 mata kusan 287,000 suka rasu sanadin ciki da haihuwa, kashi 70 a Afirka kudu da Sahara. A Nijar 441 ne a kowace haihuwa 100,000. Rahoton duniya kan ungozomomi na 2021 ya ce akwai giɓin ungozoma 900,000, kuma da za a wadata su da horo da kayan aiki da an kauce wa kusan kashi biyu cikin uku na waɗannan mace-mace. Lokacin korona ma an gani: wani bincike na 2020 ya duba kwamitocin yaƙi da cutar 115 a ƙasashe 87, ya tarar a kashi 85 maza suka fi yawa, alhali rigunan kariya da takunkuman da aka yi ta rabawa a kan girman jikin namiji aka yanka su, suna yi wa ma'aikata mata yawa.

Akwai matan da suka taɓa riƙe manyan kujerun lafiya na duniya?

Akwai. Gro Harlem Brundtland, likita kuma tsohuwar firaministar Nowe, ta shugabanci OMS daga 1998 zuwa 2003, Margaret Chan daga 2007 zuwa 2017. Matshidiso Moeti ta Botsuwana ce mace ta farko da ta riƙe ofishin OMS na Afirka, daga 2015 zuwa 2025. Winnie Byanyima ta Yuganda ta karɓi hukumar yaƙi da sida ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019. Awa Marie Coll-Seck ta yi ministar lafiya ta Senegal har sau biyu, a tsakani ta jagoranci ƙawancen yaƙi da zazzaɓin cizon sauro na duniya. A gida kuwa Salamatou Traoré ta kafa ƙungiyar DIMOL a Yamai a 1998 don mata masu yoyon fitsari, lokacin da ko sunan ciwon ba a son ambata.

Sai dai kada sunayen nan su rufe mana ido. Ƙungiyar Global Health 50/50 ta binciki manyan hukumomin lafiya na duniya a 2020, ta tarar sama da kashi 70 na shugabanninsu maza ne, sama da kashi 80 ƴan ƙasashe masu arziki, matan ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi kuwa kashi 5. A 2022 ta ƙirga kujerun kwamitocin gudanarwa sama da 2,000, ta samu 17 kacal a hannun matan ƙasashe matalauta. Har da fasfo da harshe a cikin maganar. Yawancin tarukan da Ingilishi ake yi, wadda ta yi karatu da Faransanci tun daga ƙofa an rage mata murya, ban da wahalar biza.

Me dokar Nijar ta tanada?

Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka yi maci a Yamai don a ƙara musu wakilci a kwamitin shirya babban taron ƙasa, shi ya sa ranar ta zama ranar matan Nijar. A 2000 aka yi dokar kaso: kowane jinsi ya samu aƙalla kashi 10 na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi. An ɗaga na zaɓe zuwa 15 a 2014, sannan a 2019 aka mai da su 25 da 30. A 2006 aka yi dokar lafiyar haihuwa. Tiyatar haihuwa ta zama kyauta a 2005, awon ciki da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar suka biyo baya a 2006.

Dokar kaso ta shafi gwamnati da manyan muƙaman ƙasa. Ba ta sauko kan wanda za a ba shugabancin CSI ko ma'ajin kwamiti ba, alhali can ne ake koyon shugabanci. Don haka a waɗannan wurare sai dai a rubuta kason cikin dokokin cikin gida na kwamiti ko na ƙungiya. Duba amsar da ke kan kujerar gaske da kujerar ado.

Wannan magana ba ta saɓa wa addini da al'adarmu ba?

Rufaida al-Aslamiyya tanti ta kafa a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, kuma wurinta aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. A ƙasar Hausa ma sarautun mata irin su iya da magajiya sun girmi zuwan boko. Amma hujjar da ta fi shiga kunnen magidanta ita ce wadda suke faɗa da bakinsu: ba su son namiji ya duba iyalinsu. To, likita mace da ungozoma ba daga sama suke faɗowa ba. Ɗiyar wani ce aka bari ta gama makaranta, matar wani ce aka bari ta kwana a gardi, wato aikin dare a asibiti. Wanda ke son mace ta karɓi haihuwar matarsa, amma ya cire tasa ɗiyar daga aji uku na kwaleji, ya sake lissafi.

A ina ne mata ke zubewa a kan hanya?

Tun kafin su ga ƙofar makarantar lafiya. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 na ƴan mata ana yi musu aure kafin shekara 18, kashi 28 kafin 15. Ga kuma nisan kwaleji: yarinya ta gama firamare a ƙauye, sai ta koma gari hannun mai masauki, inda sau da yawa ita ce mai ɗebo ruwa da wanke-wanke. Dokar da aka sa wa hannu a Disamba 2017 don kare yarinya mai karatu ta buɗe ƙofar ci gaba da makaranta ko da an yi aure ko an samu ciki, sai dai iyaye da yawa ba su san da ita ba.

Wadda ta tsallake tana da hanyoyi a nan Damagaram. Da BEPC ana shiga horon ƙaramin ma'aikacin lafiya na shekara uku. Da bak ana yin shekara uku a fito ungozoma ko ma'aikaciyar jinya, a makarantar ENSP ta gwamnati ko a masu zaman kansu. Likitanci, da ake yi a Jami'ar André Salifou, yana cin shekara bakwai zuwa takwas kuma yana son bak na kimiyya, wato zaɓin da yarinya ke yi tana shiga lise shi ke rufe ko buɗe wannan ƙofa. Kafin a biya kuɗin makaranta mai zaman kanta a tabbatar tana da izinin hukuma, a tambayi nawa daga ɗalibanta suka ci jarrabawar ƙasa bara, a kuma tambayi asibitin da suke zuwa koyon aiki.

Bayan takarda sai wani rami: shekarun sa-kai, bautar ƙasa da kwantaragi kafin a samu lambar aiki. Waɗannan shekaru su ne daidai na aure da haihuwar fari. Namiji kan jure da taimakon ɗan kasuwanci a gefe, mace kuwa sau da yawa a nan ake ce mata ta zauna gida tunda aikin ba ya kawo komai.

Me ya sa ma'aikata mata ke taruwa a cikin gari, ƙauye ba kowa?

Jihar tana da gundumomin lafiya 11. A cikin birnin Zinder za ka tarar da ungozomomi suna karɓa-karɓa a ɗaki ɗaya, a can Tesker, Belbeji ko ƙauyukan Tanut da Gure kuwa wata CSI ba ta da ko ɗaya. Ana yawan cewa mata ba su son daji. Gaskiyar ta fi haka tsawo: miji yana aiki a gari, akwai ƙa'idar kusanta ma'aurata, gidan ma'aikaci a ƙauye ba katanga ba makewayi mai ƙofa, makarantar yara ta tsaya a firamare, ga tsoron a buga mata ƙofa da tsakar dare ita kaɗai.

Abin da ba a cika lura da shi ba, zaman garin nan yana cin matan kansu. Riƙe CSI ta karkara shi ne matakin da ake koyon kasafi, odar magani, rahoto da hulɗa da mai gari da magajin gari, kuma daga cikin waɗanda suka riƙe ake ɗaukar na gaba. Maganin da ke aiki sananne ne: gida a cikin harabar cibiya mai katanga, ruwa da sola, a tura mata biyu tare, a rubuta wa'adi, misali shekara biyu ko uku, a kuma cika alkawarin sauyi, ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin karatun ƴan matan yankinta bisa yarjejeniyar za su dawo su yi aiki a gida. Na ƙarshen nan ya fi ɗorewa, don wadda iyayenta ke garin ba ta neman hanyar gudu.

Haihuwa da goyo fa? Ba su ne ke hana a ba mace muƙami ba?

Dokar ƙwadago ta 2012 ta ba mace hutun haihuwa na sati 14, takwas daga ciki bayan sauka, da hutun shayarwa har awa guda a ranar aiki, kuma ta hana kora saboda ciki. Inda abin ke lalacewa shi ne ba a tanadi mai maye gurbi. Ciki ba ya zuwa ba zato, ana da watanni na shiri. Shugaban da ya san aikinsa tun wata na shida yake rubuta wanda zai riƙe, a yi miƙa aiki a rubuce, a cire mai cikin daga gardin dare a watannin ƙarshe. Idan ba a yi haka ba nauyin ya faɗa kan abokan aiki, su yi ta guna-guni, gobe a ce kada a sake naɗa mace.

Masu aikin sa-kai na ƙauyuka, ya kamata a biya su?

Ya kamata. Tun 2018 OMS ta ba da shawarar a riƙa biyan ma'aikatan lafiya na cikin al'umma daidai da nauyin aikinsu, da yarjejeniya a rubuce. A duba abin da ake ɗora musu: rabon maganin rigakafin zazzaɓi ga yara ƴan wata 3 zuwa 59 gida-gida duk wata a damina, lokacin da kowa ke gona, ɗigon shan inna, neman matan da suka tsallake awo, cika rajista. Habasha ta fara ɗaukar mata aikin lafiya na ƙauye da albashi a 2003, bayan horon shekara guda, biyu a kowace ƙaramar cibiya. Pakistan ta fara nata tun 1994.

A kula da wani abu da ke yawan faruwa. Muddin aikin kyauta ne, na mata ne. Ranar da aka ce akwai alawus ko babur, sai jerin sunaye ya cika da ƙannen masu faɗa a ji. Don haka a rubuta sunayen masu aikin tun kafin kuɗi ya zo, a biya kowa hannu da hannu ko ta lambar wayarta ita kanta, a kuma rage sharaɗin takardar boko inda aikin bai buƙace ta ba.

Macen da ba ta yi boko ba tana da gurbi a wannan magana?

Babba ma. A gundumar Mirya ne ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka gwada, a 2013 da 2014, koya wa uwaye auna damtsen ƴaƴansu da kansu don gano tamowa. Zaren awon mai kala uku ne, ana naɗa shi a tsakiyar damtse ga yaro ɗan wata 6 zuwa 59. Ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa mai tsanani ce, a tafi likita a ranar. Ruwan ɗorawa, 115 zuwa 125, matsakaiciya ce. Sannan uwa ta danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, idan rami ya zauna akwai kumburi. Sakamakon ya nuna uwaye ba su gaza masu sa-kai da aka horar ba, yaransu ma sun fi isa da wuri. Yanzu ƙasashe da dama sun ɗauki dabarar.

Haka asusun Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ya bazu har wajen Afirka. Macen da ta shekara biyar tana riƙe akwatin asusu, tana bin bashi, tana raba riba ba a yi faɗa ba, ta riga ta san aikin ma'aji. Irinta ake nema a kwamitin lafiya, tare da tsofaffin ungozomomin gargajiya waɗanda yanzu aikinsu raka mai naƙuda zuwa cibiya ne.

Ta yaya ake bambanta kujerar gaske da kujerar ado?

A yi tambaya uku. Tana da ƙuri'a, ko dai an gayyace ta ne ta zauna? Sa hannunta na cikin waɗanda ake buƙata kafin kuɗi ya fita? Tana ganin takardun kuɗi da na magani kafin ranar taro? Idan amsar duka a'a ce, an sa ta ne don hoto da rahoton masu ba da tallafi. A kwamitin gudanarwa na CSI, wato COGES, muƙaman da ke da nauyi su ne shugaba da ma'aji. “Mai kula da harkokin mata” suna ne mai daɗi, amma galibi shara da girkin ranar taro ake bar mata.

Tsarin taron ma yana korar mutum ba tare da an ce ya fita ba. Taron bayan magariba ko na lokacin ɗora tukunya, mata ba za su zo ba. Taron da aka yi da Faransanci alhali mahalarta Hausa, Barbarci ko Fulatanci suke ji, mutum uku ne suka yi shi. Mace guda cikin maza goma, ga surukinta ga mai gari a zaune, kunya ba za ta bar ta ta buɗe baki ba. A sa aƙalla uku, a ba su dama su gana da matan gari kafin taro su zo da magana ɗaya, mai jagorancin zama ya kira su da suna tun farko, a kuma karanta abin da aka rubuta da babbar murya kafin a tashi don a ji ko maganarsu ta shiga.

Ina matsayin maza? Ba gurbinsu za a ƙwace ba?

A ƙasar da ma'aikatan lafiya ba su isa ba, ba gurbi ne ya yi kaɗan ba. Kuma a nan jihar aka fara makarantar mazaje a 2008, da makarantu 11, da tallafin UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, kafin ta bazu a ƙasa da maƙwabta. Ana zaɓen magidanta da ba su wuce 12 ba, masu shekara 25 zuwa sama, waɗanda matansu ke zuwa awo, su riƙa zama sau biyu a wata suna duba alƙaluman cibiyarsu tare da ma'aikata, su shawo kan ƴan uwansu, wani lokaci su gina makewayi ko ɗakin ungozoma da hannunsu.

Tana da amfani ƙwarai, tunda izinin fita da kuɗin amalanke ko kabu-kabu a hannun mai gida suke. Haɗarinta shi ne ta zama wani sabon zaure da maza ke yanke wa mata shawara kan jikinsu. A haɗa zamanta da na ƙungiyar mata aƙalla sau ɗaya a wata uku. Kuma abu mafi amfani da miji zai yi shi ne ya ba da izini tun ciki na ƙarami, a gaban uwarsa, cewa ko ba ya gari a tafi likita.

Idan shugaba ko malami ya matsa wa mace da neman lalata, me za ta yi?

Dokar hukunta laifuka ta ƙasa ta haramta wannan tun gyaran 2003, dokar ƙwadago ta 2012 ma haka. Ba ƙaramin wuri kaɗai abin ke faruwa ba. Kwamitin da ya binciki aikin yaƙi da Ebola a Kwango, wanda Aïchatou Mindaoudou, tsohuwar ministar harkokin wajen Nijar, ta jagoranta tare da Julienne Lusenge, ya bayyana a 2021 cewa mutum 83 ake zargi da lalata da mata, galibi da alkawarin aiki, 21 daga cikinsu ma'aikatan OMS.

Ta rubuta rana, lokaci, wuri da abin da aka faɗa, tun abin na sabo. Kada ta goge saƙonni, ta tura kwafinsu wata waya. Ta shaida wa mutum ɗaya amintacce. Ta kai ƙara a rubuce, kwafi biyu, a buga mata hatimi a nata, kuma ta kai wuri biyu: sama da wanda ake ƙara, da ƙungiyar ƙwadagonta ko sufetan ƙwadago. Idan fyaɗe ne, likita ne farko: maganin kariya daga sida cikin awa 72 yake aiki, na hana ɗaukar ciki cikin awa 120, sannan takardar likita da ƴan sanda ko jandarma. Kuskuren da hukumomi ke yawan yi shi ne su sauya wa mai ƙara wurin aiki su bar wanda ake ƙara. Duk ɗalibar da ta ga haka ta koyi yin shiru.

Ni ungozoma ce, ina son in kai matsayin shugabanci. Daga ina zan fara?

Ƴar uwa, fara da alƙaluma. Ki iya cika rahoton wata da kanki, ki iya shigar da shi a DHIS2, wato manhajar tattara alƙaluman lafiya, ki san adadin matan da ake sa ran za su haihu a yankinki da nawa suka haihu a hannunku. Ki koyi lissafin magani: ki tara abin da aka sha a wata shida da ba a yi yankewa ba, ki raba shida, shi ne ma'aunin odarki, ki ƙara na jiran hanya, musamman kafin damina ta yanke hanyoyi. Ki riƙa halartar zaman binciken mutuwar masu haihuwa, ki yi magana da takarda a hannu. Duk lokacin da majo zai yi tafiya ki nemi riƙon ƙwarya, kuma ki nemi a rubuta shi a takardar aiki, don riƙon da ba a rubuta ba ba ya shiga fayil.

Bayan haka sai ƙarin karatu, a Cibiyar Lafiyar Jama'a ta ISP a Yamai ko a jami'a, da shiga ƙungiyar ungozomomi ta ƙasa. Ki bambanta mai ba ki shawara da mai ambaton sunanki a ɗakin da ba kya ciki, dukansu kina buƙata. Ki fara Ingilishi ko kaɗan-kaɗan, saboda dalilin da aka faɗa a amsar manyan kujeru. Maganar sauyin wuri da tafiyar karatu kuwa ki yi ta da mai gida tun sanarwa ba ta fito ba, har da wanda zai riƙe yara.

Shugaban gunduma ko na ƙungiya da ke son gyara, me zai ƙirga?

Ya ɗauki takarda ɗaya ya raba ta gida biyu, mata da maza, ya cika: masu lambar aiki, ƴan kwantaragi, masu sa-kai, shugabannin CSI, shugabanni da ma'ajin COGES, waɗanda suka je horo mai kuɗin zama a shekarar da ta wuce, waɗanda aka ba babur ko kwamfuta, waɗanda suka bar aiki da dalilinsu. Layin horo shi ke fara tona asiri, don sau da yawa horon ɗakin haihuwa ma wanda bai taɓa karɓar haihuwa ba ne ke zuwa. A riƙa sanar da gurbi a allo da ta waya sati biyu kafin rufewa, a sa mace aƙalla ɗaya cikin masu tantancewa, a rubuta ma'aunin zaɓe kafin a ga sunaye.

Yanzu da tallafin waje ya ja baya, musamman bayan Amurka ta dakatar da mafi yawan nata a 2025, a ƙara layi guda: wa aka fara sallama. Ƴan kwantaragi da masu sa-kai ake fara taɓawa, can kuma mata suka fi yawa. A sake cika takardar bayan wata shida, a manna ta kusa da jadawalin gardi inda kowa zai gani.